Inna ta Ƙasan Bene

Daren farko da na yi a ƙasar Danmak, a cikin duhu na kwana, alhali ba a ɗauke wuta ba. Firji na ta gurnaninsa a kicin. Ƙwan fitila ne babu. Da na haska silin da tocilar waya sai na ga igiyoyin lantarki sun leƙo daga wani ɗan rami, a falo haka, a ɗakin kwana haka. Wanda ya tashi daga gidan ya kwance fitilunsa ya tafi da su kamar yadda ya tafi da tukwanensa, kuma bai yi laifi ba, don haka al'adar haya take a can: mai gida bango da ƙofa da famfo ya ba ka, fitilar sama kai za ka nemo. Watan Satumba ne na 2016, a garin Aarhus, birni na biyu a girma bayan Kwapanhagan, a bakin teku ta gabashin yankin Jylland. Na lalubi alƙibla, na yi sallah, na ta da kai da jakata.

Abin da na sani game da ƙasar kafin in taso daga Zariya bai wuce biyu ba. Na san madarar Dano da muke haɗa shayi da ita ta kamfaninsu ce. Na kuma san zanen ɓatancin da wata jarida ta buga a 2005, wanda ya jawo tarzoma har aka rasa rayuka a Maiduguri da Katsina a Fabrairun 2006. Jaridar kuwa a Aarhus ɗin take. Shi ya sa da na je sallama Baba ya daɗe riƙe da hannuna kafin ya ce, "Ka riƙe sallarka, ka kula da abin da za ka sa a bakinka, kuma kada ka ɓata da maƙwabci." Aikin bincike na shekara uku ne ya kai ni jami'ar garin. Na baro uwargida da ɗanmu mai shekara uku, a kan za su biyo ni idan na zauna da gindina.

Zaman bai zo da arha ba. Doka ta yarda mai gida ya karɓi ajiyar hayar wata uku, da hayar wata uku da ake biya tun gaba, ban da ta watan da za ka shiga. Guzurin da na yi shekara biyu ina tarawa, a rana ɗaya ya koma hannun wani. Amma dole in biya, saboda ba a samun lambar CPR sai da adireshi, ita kuwa wannan lamba ita ce mabuɗin komai. Tun 1968 suke amfani da ita. Alƙaluma goma ce: shida na farko rana da wata da shekarar haihuwarka, sai huɗu a ƙarshe, kuma in na ƙarshen mara ne to namiji ne, in cika ne mace ce. Banki ba ya buɗe maka asusu sai da ita, albashi ba ya shiga sai da asusun, likita ba ya saninka sai da wani kati mai ruwan ɗorawa wanda yake ɗauke da lambar da sunan likitan da aka haɗa ka da shi. Kowace ƙofa ta wata take jira.

Na yi rajista a Dokk1, wani ƙaton gini a bakin tashar jiragen ruwa da ya haɗa ɗakin karatu da ofishin hidimar jama'a. Na zari takardar layi daga inji na zauna. Ina zaune sai na ji wata kuwwa mai zurfi ta ratsa ginin, irin wadda ake ji a ƙirji kafin kunne ya ji. Na tambayi wanda ke kusa da ni, ya nuna mini wani dogon bututun tagulla da ke rataye daga rufi, ya ce an haifi jariri ke nan a babban asibitin garin, iyayen ne suke danna maɓalli daga can. Da layi ya zo kaina aka duba takarduna, aka ce katin zai same ni a gida ta gidan waya.

Mako uku, shiru. Mako huɗu, shiru. Kullum in buɗe akwatin wasiƙa a bakin ƙofar shiga in tarar da takardun talla kawai.

A ƙasan benenmu akwai wata dattijuwa, za ta haura saba'in, ita kaɗai take zaune. Wata guda muna haɗuwa a matakala, ban taɓa samun abin da ya wuce gaisuwar "hej" daga bakinta ba. Ran nan ta same ni tsaye gaban akwatin, ta ajiye jakar cefanenta, ta ce da ni cikin Ingilishi a hankali, "Kai ne sabon da ke sama da ni? Sunanka ba ya kan akwati." Na duba, sunan wanda ya tashi ne. Ta ce mai raba wasiƙa ba ya jefa takarda sai ya ga sunan da ke jikinta a kan akwatin, in bai gani ba mayar da ita yake yi. Ta shiga ɗaki ta fito da alƙalami da farar takarda mai danƙo, ta miƙo mini ta ce in rubuta daidai yadda yake a fasfo. Ina mannawa ta jero mini tambaya uku. Na nemi katin haraji? Ina buɗe akwatina na intanet? Na sayi fitilar keke?

Ta farkon ta riga ta wuce ni. Wanda bai nemi katin haraji ba, kashi 55 cikin 100 ake yanka daga albashinsa, kuma haka aka yi wa nawa na farko. Kuɗin ya dawo daga baya, amma watan nan da shinkafa da mai na ƙarasa shi. Ta biyu kuwa ban ma san da ita ba. Tun Nuwamban 2014 hukuma ta mayar da wasiƙunta ga jama'a cikin wani akwati na intanet, a lokacin ana shiga da wani katin takarda mai jerin lambobi da ake kira NemID, wanda daga baya aka sauya shi da MitID. Wasiƙar da ta faɗa akwatin nan, a wurinsu ka karɓa, ko ka buɗe ko ba ka buɗe ba. Ranar ganin likita, sakamakon haraji, wa'adin amsa wata tambaya, duk a nan suke kwance suna jiranka.

Na sha tunani a kan wannan rana. Babu wanda ya ɓoye mini komai. Duk abin da ta faɗa mini yana rubuce a wani wuri. Sai dai wanda aka haifa cikin tsari bai san cewa tsarin ilimi ne da ake koya ba, kamar yadda Bazazzagi ba zai tuna ya gaya wa baƙo cewa ana cire takalmi a ƙofar zaure ba. A gida, sani da ƙafarsa yake zuwa wurin baƙo: mai masauki ya raka ka, maƙwabci ya leƙo, yaro ya nuna maka kasuwa. A can kai ne za ka tashi ka nema. Gaskiya ne matambayi ba ya ɓata, amma sai ya san akwai abin tambaya tukuna, kuma a nan ne baƙo yake faɗuwa.

Abin da ya fi haraji yi mini ciwo shi ne shirun. Na taso a inda gaisuwa take da tsawo, a tambayi kwana da gajiya da iyali da sanyi. A Aarhus sai in shiga motar safa in ga kowa ya nemi kujerar da ba kowa a gefenta. In gaida abokin aiki da safe, in muka sake haɗuwa da rana in sake gaishe shi, sai ya tsaya yana jiran in faɗi abin da nake so. Makonnin farko na ɗauka launin fatata ne, ko sunana. Sai da na lura haka suke yi wa junansu sannan hankalina ya ɗan kwanta. A ganinsu, barin mutum da lamarinsa girmamawa ne. Ba sa shiga sabgarka sai ka kira su. Idan kuwa ka buɗe baki ka tambaya, wanda bai taɓa yi maka murmushi ba zai ajiye kekensa ya raka ka har ƙofar da kake nema. Gaisuwarsu tana wajen godiya: a tashi daga cin abinci a ce "tak for mad", a tashi aiki a ce "tak for i dag", in kun sake haɗuwa da wanda kuka yi zama tare a ce "tak for sidst", wato na gode da haɗuwar da ta gabata. Wannan ta ƙarshen ita ce ta fi kusa da "ya gajiyar jiya" tamu, kuma ranar da na fara faɗinta na ga fuskoki sun saki.

Na so in gode wa dattijuwar, sai na ƙwanƙwasa ƙofarta wata Asabar da ƙullin dabino. Ta buɗe, ta karɓa, ta yi godiya, ba ta ce in shigo ba. Kalandar da ke jikin bango ta ɗauko, ta duba, ta ce in zo shan gahawa ranar Talata ta mako na 43, "halv fire". Na hau sama raina a ɓace. Wanda ya zo da ƙafarsa har bakin ƙofa, a ce masa ya dawo bayan kwana goma? Na kuma rasa gane mako na 43, don ban san da lamba suke ƙirga makonnin shekara ba, har yaro ya san na 42 hutun kaka ne, na 7 kuma hutun hunturu a garuruwa da yawa. Sannan na fassara "halv fire" da huɗu da rabi, tunda "fire" huɗu ne. Ashe su rabin hanya zuwa huɗu suke nufi, wato uku da rabi. Da na sauko, gahawar ta huce, ta ɗebe kofuna. Ba ta ɓoye ba, ta ce, "Awa guda na jira ka." Da ta gane inda kuskuren ya fito ta sake ɗora ruwa. Sai na ga waina ce ta gasa da hannunta, ta kuma tambayi mai shago don ta tabbatar babu kitsen alade a cikin abin da ta sa. Ta kunna kyandir biyu da rana tsaka. A nan na fahimci abin da kalandar take nufi: awannin nan ta ware su domina, ba ta sa kowa a cikinsu ba.

Ta ce in kira ta da sunanta. Haka suke yi, ɗalibi ya kira farfesa da sunansa, jika ya ce wa tsoho "du" (wato "kai") kamar sa'ansa. Na gwada, bakina ya ƙi. Na ce mata a wurinmu wadda ta haifi kamata ba a kama sunanta, in ta yarda zan riƙa ce mata Inna. Ta tambayi ma'anar, na faɗa mata, ta yi shiru kaɗan, ta ce ta yarda. Ma'aikaciyar jinya ce da ta yi ritaya, mijinta ya rasu, 'yarta tana Kwapanhagan. Da ta ji daga arewacin Najeriya nake sai ta tambaye ni ko na san Numan. Na ce na san ta, a Adamawa take, bakin Binuwai. Ta ce tun tana yarinya take jin sunan a cocinsu, saboda wani likitan Danmak, Niels Brønnum, ya isa can a 1913, kuma daga aikin da ya fara ne cocin Lutheran na yankin ya tsiro. Tana 'yar ƙarama ta sha jefa kwabo a akwatin taimakon Numan. Abu na uku ke nan da ya haɗa ƙasashenmu, kuma daga bakinta na ji shi.

Daga nan Talata ta zama tamu. Ta sa doka ba Ingilishi a teburinta, domin ta san matsalar mai koyon harshensu: kana fara lalube sai a tausaya maka a juya zuwa Ingilishi, ka shekara ba ka gaba. Ina zuwa makarantar harshe da yamma, amma a wurinta na koyi ƙirga. Ɗaya da ashirin suke cewa, ƙarami kafin babba, kamar Larabci, wannan bai ba ni wuya ba. Daga hamsin ne lissafi yake komawa na ashirin-ashirin: "tres" ashirin uku ne, "firs" ashirin huɗu, "halvtreds" kuma biyu da rabi, wato hamsin.

Sauran ƙananan abubuwa a hanya na tsince su. Injin wanki na gidan duka ne, yana ɗakin ƙarƙashin ƙasa, sai ka kama lokacinka a allo, kuma shiga lokacin wani babban abin kunya ne. Kwalba da gwangwanin lemo ba shara ba ne, akwai kuɗin ajiya a kansu, kurona ɗaya, ɗaya da rabi ko uku, inji a kanti yake mayar maka. Keke yana da titinsa da dokarsa: ka ɗaga hannu sama kafin ka tsaya, in za ka juya hagu a mararraba sai ka tsallaka ka tsaya ka sake jira, tafiya cikin duhu babu fitila kuma tarar kurona 700 ce. Ruwan famfo ana sha kai tsaye.

Abinci ne ya ɗauke ni lokaci. Ƙasa ce da aladunta suka ninka mutanenta yawa, kuma naman yana shiga inda ba ka zata ba. Kalmomin da na fara haddacewa kafin gaisuwa su ne "svin", "gris", "skinke" da "gelatine", nakan daɗe a kanti ina juya fakiti ina karanta bayansa. Hantar da suke shafa wa burodi, wadda kusan kowane yaro ke tafiya da ita makaranta, ta alade ce. Wani Basomale da muka haɗu a masallaci shi ya kai ni Bazar Vest, kasuwar da ke unguwar Gellerup a yammacin garin. Ina shiga ƙamshin kayan yaji ya tare ni, na ga kuɓewa da attaruhu da naman rago a rataye, na ji ana ciniki da murya sama. Tun 2014 an hana yanka dabba a ƙasar ba tare da an sumar da ita ba, saboda haka naman halal ko dai wanda aka sumar ne kafin a yanka da bisimilla, ko wanda aka shigo da shi daga waje, kuma kowa da malamin da yake bi a kai. Mai tambaya dai mahauci zai gaya masa. Tuwo da garin semolina na riƙa tuƙawa, kuka da daddawa kuwa sai wanda ya zo daga gida.

A wurin aiki da sha ɗaya da rabi ake cin abincin rana, baƙin burodin hatsin rai mai tsami, shugaba da ɗalibi a tebur ɗaya. Awa 37 ake aiki a mako, ƙarfe huɗu ofis ya watse don ɗauko yara. Na yi makonni ina sulalewa zuwa sallar Juma'a a ɓoye, ina dawowa da fargaba. Inna ta ce, "Ka tambaya mana." Na tambayi shugabata, ta ce in sa a kalandar sashe don kada a sa mini taro a lokacin, shi ke nan maganar ta ƙare. Walimar ƙarshen shekara da zaman yammacin Juma'a kuwa da giya ake yinsu. Da farko na guje su. Daga baya na riƙa zuwa da kofin lemona in tashi da wuri, don na ga a nan ne ake sanin juna, kuma ba wanda ya taɓa matsa mini.

Sai hunturu ya shigo. Sanyi na yi wa shiri, duhu ne ya kayar da ni. A Disamba rana ba ta fitowa sai wajen tara saura, kafin ƙarfe huɗu ta faɗi, kuma yawanci gajimare ya rufe ta. Azahar da La'asar da Magariba duk cikin awa uku da rabi suke faɗowa. Jikina ya mutu, barci ba ya isata, ba na son magana da kowa. A gida da kemis zan nufa, a can kuwa ko maganin kashe ƙwayoyin cuta ba a sayarwa sai da takardar likita. Ana buga wa likita waya tsakanin takwas da tara na safe, a ba ka rana. Ba a biyan ko kwabo, haraji ya riga ya biya, ban da likitan haƙori ga manya. Aka ɗebi jinina, aka ce sinadarin bitamin D ya yi ƙasa, kuma mai baƙar fata a wannan ƙasa gara ya riƙa shan sa duk shekara. Ni kuma na rufe tagogi ruf, na murɗe na'urar ɗumama ɗaki har ƙarshe, ina shanya kaya a falo. Inna ta hau wata rana ta ga baƙin funfuna a kusurwar taga. Ta buɗe tagogin duka, iska mai yankan fata ta shigo, ta ce minti biyar zuwa goma, sau biyu ko uku a rana, ko da ƙanƙara na zuba. Ta kuma gargaɗe ni cewa kuɗin ɗumama da nake biya duk wata ƙiyasi ne, a ƙarshen shekara za a yi lissafin gaskiya. Aka yi, na cika.

Iyalina sun iso a Afrilun 2017. Na riga na sa sunan uwargida a kan akwati, na rataya fitilu. Ranar Talata 2 ga Mayu muka tsinci takarda a ƙarƙashin ƙofa da rubutun Inna: gobe da sha biyun rana za a busa jiniya a duk faɗin ƙasar, gwaji ne da ake yi Larabar farko ta kowane Mayu, kada mai ɗakinka ta tsorata. Washegari ina ofis jiniyar ta tashi. Uwargida ta ce da ba don takardar ba da ta goya yaron ta fita a guje, don mu daga inda muka fito irin wannan kuka ba ya zuwa da alheri. Tun ranar ta fara aika wa Inna kwanon abinci, Inna kuma ta ɗauki lokaci kafin ta gane ba sai ta rama kowane kwano ba.

Azumin shekarar a ƙarshen Mayu ya kama. Rana ba ta faɗuwa sai wajen goma na dare, shafaƙi ba ya ɓacewa har gari ya waye, masallatai kuma kowanne da jadawalinsa na Isha da Asuba. Mun riƙa kai awa goma sha tara da ɗoriya. Ƙishirwa ba ta kai ta Zariya ba, barci ne babu.

Yaronmu ya shiga makarantar renon yara. Suka ba mu jerin kaya: rigar ruwa, takalmin roba, kayan sanyi mai haɗe da wando, saboda kullum sai an fita da su waje ko ana ruwa. Cikin wata shida ya fi ni harshen. Malamarsa ta zaunar da mu tun ranar farko ta ce tun 1997 doka ta hana iyaye dukan 'ya'yansu, ko da mari ɗaya ne, kuma in yaro ya faɗa a makaranta wajibi ne su sanar da hukuma. Na ji nauyin maganar, don da bulala aka tarbiyyantar da ni kuma ban ƙi iyayena ba. Amma gara da aka faɗa mana a fili. Na san gidajen baƙi da rashin jin wannan magana da wuri ya jefa su cikin tashin hankali.

Ba kowane shiru ba ne girmamawa, wannan ma na gani. Wani mutum ya tsaya a kan uwargida a tashar mota, ya dubi hijabinta ya ce ta koma inda ta fito, mutanen da ke wurin kowa ya kau da kai. Ta dawo gida tana rawar jiki, ta yi mako ba ta fita ita kaɗai ba. A Agustan 2018 dokar hana rufe fuska a bainar jama'a ta fara aiki, ka kunna talabijin ka ji ana muhawara a kanka kamar ba ka cikin ɗakin. Sharuɗɗan zama a ƙasar kuma suna yawan sauyawa, baƙo ba ya sakin jiki ya ce ya gama da takardu. Da na ba Inna labarin tashar mota ba ta kare kowa ba. Ta sa rigarta ta hau sama, ta ce wa uwargida gobe tare za su je kanti.

An haifi 'yarmu a Fabrairun 2018. Ungozoma ta nuna mini maɓallin nan, na danna, na tuna ranar da nake zaune a Dokk1 da takardar layi a hannu. Da yake ba haihuwar fari ba ce kuma komai lafiya, ranar muka koma gida. Babu uwa, babu gwaggo, babu mai dafa ruwan wankan jego. Ni na riƙa haɗa ruwan zafi a banɗaki, ina dama kunun kanwa da umarnin surukata ta waya. Wata ma'aikaciyar lafiya ta hukumar gari ta riƙa zuwa har gida tana auna jaririyar, ita ce kuma ta haɗa uwargida da wasu masu jego na unguwar da suke taruwa a gidajen juna.

Hukuma wata shida take ba iyaye su yi rajistar suna, mu kuwa kwana bakwai gare mu, kuma ranar sunan ta faɗo cikin mako na 7. Abokan aikina duk sun tsara hutunsu tun watanni, biyu ne kawai suka samu zuwa. Yayana ya yanka rago a Zariya, liman ya yi addu'a muna ji ta waya. A falonmu akwai Basomalen nan da iyalinsa, da wasu 'yan Gana biyu masu jin Hausa, da wani ɗalibi daga Damagaram. Inna ta soke tafiyarta Kwapanhagan wurin 'yarta, tafiyar da na san tun Disamba take cikin kalandarta. Ta shigo da 'yar ƙaramar tutar ƙasarsu, ja mai farin gicciye, irin wadda suke kafawa a tebur duk ranar murnar haihuwa, ta tsaya a ƙofa ta tambaye ni ko ba laifi ta ajiye ta. Na ce, "Inna, ajiye." Ta cire takalmi, ta zauna a ƙasa tare da mata, aka miƙa mata jaririyar.

Abu ɗaya uwargida ta rantse ba za ta yi ba: kwantar da jariri a waje. Tun zuwanta take ganin kekunan jarirai jere a ƙofar gidajen shan gahawa da tsakar gidaje, yara na barci a ciki cikin sanyi, iyaye na ɗaki. Ma'aikaciyar lafiyar ta ce ba komai in an rufe yaro da kyau kuma sanyi bai kai goma ƙasa da sifiri ba, amma uwargida ta ce a'a. Sai bayan ta yi arba'in, a farkon Afrilu, wata rana yarinyar ta yini tana kuka ta ƙi barci. Inna ta hau da bargon ulu da hular da ta saƙa mata. Suka sauka tare, aka naɗe ta, aka tura keken ƙarƙashin tagar kicin ɗin Inna. Kafin a kewaya tsakar gidan sau biyu ta yi shiru. Inna ta ce, "Hau ki kwanta, ina nan." Uwargida ta hau, amma ba ta kwanta ba. Na dawo daga aiki na same ta tsaye a taga da mayafinta, tana kallon ƙasa, Inna kuma tana kan benci da saƙarta, ƙafa ɗaya a kan tayar keken.